Baƙuwar Don Anselmo

"Yau ma ta zo," in ji Don Anselmo, yana karɓar burodi ta tagar motarsa. "Can ta zauna, kusa da murhu."

Maƙwabciyarsa Doña Herminia ta san wa yake nufi: matarsa Ofelia, wadda suka binne bara. Don ita ya sayi motar nan mai gado da ɗakin girki, wai zai fitar da ita daga sanyin yankinsu na Patagonia ya kai ta arewa ta sha rana. Ajali ya riga shi. Sai ya bar wa ɗansa gida, ya ajiye motar a jikin katangar Herminia, ya tare a ciki.

"Kai tsoho, ka dai rage giya," in ji ta.

"Wace giya? Kaina ne kawai ke sarawa in ta tafi. Kuma na gano lagonta. Ba ta zuwa sai na rufe ko'ina na kunna murhun gas."

"Ai ka san Ofelia da rakin sanyi."

Suka yi dariya. Gaskiya har ƙyashi ta ji, don nata mijin da ya rasu ko a mafarki bai taɓa leƙo ta ba. Da yamma ta hango shi yana cusa ulun tumaki a kafofin iskar motar, ta ɗaga masa hannu.

Ranar Lahadi da ta dawo daga coci ta buga ƙofar motar har hannunta ya yi zafi. Shiru. 'Yan kwana-kwana ne suka zo suka ɓalle ta, suka janye Herminia gefe.

"Señora," in ji babbansu, "murhu a rufaffen wuri yana fitar da wata iska mai guba, ba wari, ba hayaƙi. Da ciwon kai take farawa, har mutum ya riƙa ganin abin da babu."

Herminia ta ce, "Ke nan ba ta taɓa zuwa ba?"

"Wa?"

Ta leƙa ta kafaɗarsa. Don Anselmo na zaune ba rai, sanye da farar rigarsa ta zuwa biki, ya yi aski, ya taje gashinsa. Ya matsa sosai jikin bango, ya bar rabin kujerar a fili.