Kwalayen Malam da Bidiyon Makaranta

Ɗelu ta fita takaba ranar wata Laraba, saura mata sati shida a Kuala Lumpur. Takardar zamanta a jikin ta mijinta take, Dakta Tajuddeen, wanda ya shekara tara yana koyarwa a wata jami'a a Bukit Jalil. Tunda Allah Ya yi masa rasuwa, sai komawa Kano da yaranta biyu, Rumaisa da Haidar. Kayan ɗaki duk ta san yadda za ta yi da su. Firij akwai mai so, tukwane kuma matan ɗalibai za su raba. Abin da ya tsaya mata a rai kwalaye ne.

Kwalayen cike suke da littattafan yara, na Hausa da na Larabci da na Turanci, sun cinye ɗaki guda a gidansu na Setapak. Marigayin ne ya tara su. Duk wanda ya je gida hutu da kilishi da daddawa yake dawowa, shi kuwa sai littattafai. Burinsa a buɗe ɗakin karatu a makarantar yaransu, wata ƙaramar makarantar kuɗi ta Musulunci da ke saman shaguna, inda 'ya'yan 'yan Najeriya da na Larabawa da na 'yan ƙasa suke haɗe. Yakan ce yaran da ake haifa a nan, ka yi musu Hausa su amsa da Turanci, wata rana da tafinta za su je gaida kakarsu.

Makarantar ta ba da ɗaki tun yana raye, amma babu kanta ko ɗaya a ciki, babu na'urar sanyaya wuri. Shugabar makarantar ta ce ba za ta karɓi littafi ta jibge a ƙasa ba, danshin garin nan wata biyu ya ishe shi ya mayar da takarda funfuna. Ɗaukar kwalayen zuwa Kano kuwa ya fi ƙarfin Ɗelu. Kullum da hantsi motar mai sayen tsofaffin jaridu takan bi ta ƙasan benensu tana kira da lasifika. Awo yake yi, bai damu da abin da aka rubuta a ciki ba. In ta ji shi sai ta tashi ta rufe taga.

Ana haka sai ga Sharifa ta zo gidan. Budurwa ce 'yar Malay, aikinta a makarantar shi ne neman taimako daga iyaye da masu hali, da rubuta musu godiya. Ta zo da Hureira, maƙwabciyar Ɗelu, matar wani ɗalibi mai neman digiri na uku. Hureira ce tafinta, don Turancin Ɗelu na cefane ne.

Sharifa ta ce abu mai sauƙi ne. Za a ɗauki Ɗelu bidiyo na minti biyu a gaban kwalayen, a tura wa iyaye a waya, a nemi taimakon kanta da na'ura.

Ɗelu ta dubi Hureira. "Wato bara zan yi a waya, kowa yana kallona?"

"Yaya Ɗelu, ba bara ba ce. Nan haka ake yi. Manyan makarantu ma da ofis guda suke da shi na wannan."

"Ofis na roƙo?"

"Da albashi ma. Ga ta nan a zaune."

Sharifa ba ta ji me aka ce ba, ta yi murmushi ta ce, "Boleh, Kak Ɗelu?" Wato zai yiwu, Yaya Ɗelu? Ɗelu ta kalli ƙofar ɗakin kwalayen ta daɗe, sannan ta ce boleh.

Ranar Asabar da safe aka shirya. Sharifa ta ce baƙin hijabi ba ya fita a hoto, sai da Hureira ta ja Ɗelu har shagunan titin Jalan Tuanku Abdul Rahman suka sayo mai ruwan toka. Aka ɗora waya a kan sanda, aka zaunar da Ɗelu a kujera, kwalaye a bayanta. Sharifa ta rubuto abin da za a faɗa, Hureira ta mayar da shi Hausa da manyan baƙaƙe.

Ɗelu ta riƙe takardar da hannu biyu tana bi da ido a hankali. "Sunana Ɗelu. Maigidana, shi, yana da buri…"

Sharifa ta ɗaga hannu. Ta nuna layin da yatsa, ta ce an tsallake suna. Aka sake.

"Maigidana, Malam, yana da buri…"

Aka sake tsayawa. Sharifa ta yi bayani cikin haƙuri. A kwas ɗin da ta yi an koya musu cewa mutane ba sa ba da kuɗi don kanta, suna bayarwa ne don mutum, kuma mutum sai da suna. Sau uku ake so a ambaci sunan a cikin minti biyu. Ta zaci tsoron waya ne ya sa Ɗelu mantuwa, har ta miƙo mata ruwa.

Hureira ta riga ta fara danne dariya. Ta juya ta gaya wa Sharifa cewa wannan ba mantuwa ba ce. A inda Ɗelu ta tashi mace ba ta kama sunan mijinta, kuma shekara goma sha shida ba wanda ya taɓa jin wannan sunan a bakinta.

Sharifa ta buɗe ido. "To in an gama abinci yaya take kiransa?"

Hureira ta fassara. Ɗelu ta ce, "Sai in ce an gama. Wa kuma za a gama wa?"

"In kuma a kasuwa ne ya yi nisa?"

"Sai in tsaya. Zai waiwayo."

Sharifa ta yi ɗan tunani, fuskarta ta yi haske kamar wadda ta samo mafita. Ta ce to a ce Baban Rumaisa, ai kowa a makaranta ya san Rumaisa. Ɗelu ta sunkuyar da kai tana gyara bakin hijabi. Hureira kuwa sai da ta zauna a kan kwali don dariya.

"Malama Sharifa, kin fita daga rami kin faɗa rijiya," Hureira ta so ta ce, sai dariya ta hana ta, ta dai samu ta bayyana cewa Rumaisa 'yar fari ce, ita ma ba a faɗar sunanta.

"Baban Haidar boleh," in ji Ɗelu, don ta taimaka.

"Haidar huɗu gare mu a makaranta fa," in ji Sharifa, kamar za ta yi kuka.

"Ke da kike dariya," Ɗelu ta ce wa Hureira, "ai ku 'yan zamani ne. Ranar nan ina ji kina ƙwala wa mijinki Abban Rayyan kira daga saman bene da sunansa na yanka, kamar kina kiran ɗan aike."

"Shi ya sa nawa yake zuwa da wuri."

Aka bar maganar suna, aka ce a wuce gaba a gani. Sharifa ta danna waya, ta roƙi Ɗelu ta ɗan nuna damuwa a fuska, don za a sa sauti mai taushi a ƙarƙashi. Ɗelu ta ce ita ba ta iya kuka na haya ba, nata ta yi shi ita kaɗai. Ta koma kan takarda.

"Mutum ne mai tsari, wanda kullum yake sa iyalinsa a gaba da…" Ta tsaya. Ta ɗago. "Wa ya rubuta wannan? Wa ke da tsari?"

"Yabo ne, Yaya Ɗelu. Karanta kawai."

"Ni ba zan yi wa mamaci ƙarya ba. Mutumin da na shekara uku ina roƙonsa injin wanki? Rannan ya shigo da wani ƙaton kwali, shi da direba suna nishi. Na yi guɗa, Hureira, guɗa na yi a gidan nan har 'yan Chana na ƙasa suka leƙo. Aka buɗe, littattafai. Ya ce wai an yi gwanjo a wata makaranta da ta rufe, ba za a sake samun irinsu ba. Na ce to a cikinsu wanne ne yake wanki?"

Hureira tana dariya tana fassara wa Sharifa ƙasa-ƙasa. Ɗelu ta ajiye takardar a cinya, ta manta da wayar.

"Kuma ɓare takardar farashi yake yi a mota kafin ya hawo, ya ce kyauta aka ba shi. Kullum kyauta. Na ce Malam, kai kaɗai masu shago suke so a garin nan? Da ya ga na gane, sai ya koma kaiwa gidanku. Abban Rayyan yana ɓoye masa a saman sif, yana ɗaukowa ɗaya-ɗaya a cikin jakar aiki."

Fassarar Hureira ta tsaya cak. "A gidan wa?"

"Gidanku."

"A saman sif ɗina? Wannan kwalin da ya ce min takardun bincikensa ne, kada in taɓa? Shekara biyu ina kakkaɓe masa ƙura!"

Yanzu Ɗelu ce take dariya, karo na farko tun rasuwar, har tana riƙe ciki. Dariyar ta ɗauke ta zuwa wani wuri, ta dafa kwalin da ke kusa da ita.

"In ya zauna yana karanta wa yara, muryar kura daban, ta zomo daban. Babba da shi, da gemu. Ni ban yi nisa a boko ba, aji huɗu aka cire ni. Amma ina daga kicin ina ji, in ya tsaya sai in ce to sai me ya faru." Muryarta ta sauka. "Ga shi ya tafi ya bar min su. Ban iya ɗauka ba, ban iya zubarwa ba. In ba a samu inda za a jera su ba kafin in tafi, mai jarida ne zai auna su. Shi ke nan abin da na sani."

Sharifa ta sa gefen mayafi ta share ido, sannan ta kai hannu ta kashe wayar. A nan Ɗelu ta gane ashe tun ɗazu tana ɗauka.

"A'a. A goge. Na tona masa asiri."

Sharifa ta ce ba za ta tura komai ba sai da yardarta. Amma ta rantse tun da ta fara aikin nan ba ta taɓa ɗaukar wanda ya kai wannan ba. Sunan kuwa za ta rubuta shi a ƙasan hoton, ba sai kowa ya faɗa ba.

Ɗelu ta juya maganar a ranta. Gobe matan Setapak da na Bukit Jalil duk za su san zancen injin wanki. Abokansa na masallaci za su ji. Ta kalli kwalayen, ta tuna sati biyar ya rage.

"A tura. Amma a cire wurin Abban Rayyan, wannan sirrin wani ne."

"Wallahi ba za a cire ba," in ji Hureira. "A bar shi. A ƙara masa sauti ma."

Aka bar shi. Kafin la'asar ta Lahadi bidiyon ya zaga wayoyin iyaye, da fassarar Turanci a ƙasa. Mata suka yi ta kiran Ɗelu, kowacce da nata labarin abin da miji yake ɓare wa farashi a mota. Abban Rayyan ya kwana uku yana bi ta bayan bene, a masallaci kuma aka sa masa suna Ma'aji. Don ya wanke kansa shi ya bi ɗalibai ɗaya-ɗaya yana karɓar abin da ya sawwaƙa. Wani kafinta ɗan Malay da 'yarsa take aji biyu ya ce katako kawai za a saya, aikin nasa sadaka ne. Na'urar sanyaya ɗaki kuwa wani ne ya aiko da ita a mota, ya hana a faɗi ko wane ne. Sharifa ta yi kwana biyu tana cigiya, don tana da wasiƙar godiya a rubuce ba ta san inda za ta kai ta ba. Ɗelu ta ce a gaya mata ta huta, mutumin ba da ita yake ciniki ba.

Saura kwana tara tafiya aka zo kwashe kwalayen. Maza suka yi ta hawa da sauka, Hureira tana tsaye a bakin ƙofa tana nuna wa mijinta waɗanda suka fi nauyi. Ɗelu ta bi su har ƙasa, ta tsaya sai da motar ta sha kwana wajen shagon mamak, masu sayar da shayi da abinci, sannan ta hawo.

Ɗakin ya yi girman da ba ta san yana da shi ba. Ta ɗauko tsintsiya ta share shi lungu-lungu, ko tari ta yi sai ɗakin ya amsa. Da ta gama ta jingina tsintsiyar, ta tsaya a tsakiya.

"To, an kai," ta ce. "Har da sanyi aka sa musu, abin da ni ban samu a kicin ba. Sai ka bar ni in huta."

Daga falo Hureira ta ɗaga murya. "Yaya Ɗelu, da wa kike magana? Fito mu ci abinci, shinkafar tana hucewa."

Ɗelu ta goge fuska da bakin zane, ta ja ƙofar ta fito.