Ko a Huda, Ko a Tsaga

Tun kafin ciwon ya kwantar da ita, Inna Larai ta riga ta tara itacen wankan jego a bayan rumbu, a gidansu na Mabai, ta hana kowa taɓawa ko da girki zai tsaya. Ɗiyarta Hamida ta yi shekaru a ɗakin miji a Sabuwa ba ko ɓatan wata, sai bana Allah ya ba ta ciki. Rabon uwar da ta sa ta a ido kuwa tun da masu bindiga suka mai da dajin da ke tsakaninsu nasu. Sai dai murya a waya, in an dace da sabis.

Ana cikin haka abinci ya fara gagarar Inna. Loma biyu ta ƙoshi, ta uku ta dawo. Da ramar ta yi yawa, ɗanta Mas'udu ya kai ta asibitin Ƙanƙara, daga nan aka tura su Zariya, inda aka zura mata kyamara ta maƙogwaro aka ce ciwon daji ne a tumbi.

Dakta Salim, wanda zai yi aikin, ya jawo kujera kusa da gadonta.

"Inna, hanya biyu ce. Ko a tsaga cikin daga ƙirji zuwa cibiya, in sa hannu in cire wurin da ya lalace. Ko a yi ƙananan huda, a zura kyamara da siraran kayan aiki, ina kallo a allo."

"Likita, ta ɗan rami za ka ga komai?" in ji Mas'udu. "Kada a bar mata saura."

"Kyamarar tana ƙara girman abu. Wajen raba ta da ciwon, kusan duk ɗaya suke in bai yi nisa ba. Na hudar ya fi daɗewa a ɗakin tiyata, amma jini kaɗan ake zubarwa, raɗaɗi bai kai ba, mutum ya fi saurin miƙewa. Sai dai in na shiga na tarar ya manne da wani abu, dole in buɗe."

Inna ba ta riƙe komai ba sai maganar saurin miƙewa.

"A huda ni, ɗan nan. Ɗiyata na kan wata. Ni zan dafa mata ruwa."

Da ta farfaɗo, hannunta ta fara kaiwa ciki. Ta laluba, ta ji bandeji dogo tun daga ƙirji har ƙasa. Ta juya fuska bango, hawaye na gangara mata cikin kunne.

Likitan ya zo da kansa ya yi bayani. Ciwon ya kama jikin wata jijiya, ya ga in ya nace da hudar zai iya jawo zubar jini, shi ya sa ya buɗe. Amma ya kwashe abin da ya gani kaf. Ta ce Allah ya saka da alheri, kuma har zuciyarta ta faɗa. Sai dai ya hana ta ɗaga ko tulu har ɗinkin ya yi ƙwari, ya kuma hana ta doguwar tafiya a hanya mai gargada.

Tana koyon takawa zuwa bakin taga Hamida ta sauka, mace. Mas'udu ya kanga mata waya a kunne, ta ji kukan jaririya siriri, yana zuwa yana yankewa.

"Wa ke miki wankan?"

"Uwar mijina, Inna."

"Ki ce ta sa ganyen runhu. Kunun kanwa kuma da zafinsa, kada ki bari ya huce. Da wa ta yi kama?"

Sabis ya ɗauke kafin amsa ta iso.

Ranar da aka sallame ta, suka sauka a tashar Funtuwa don su canja mota. Can gefe ɗan kamasho yana buga rufin wata tsohuwar mota yana kira: "Ɗandume, Sabuwa! Saura mutum ɗaya!"

Inna ta tsaya cak, hannu dafe da ciki.

"Inna, kin ji abin da likita ya ce," Mas'udu ya faɗa a hankali. "Ramukan hanyar nan kaɗai sun isa su warware ɗinkin."

"Na ji. Kallo kawai nake."

Ta daɗe tana kallon. Daga baya ta taka sannu zuwa jikin motar, ta leƙa, ta zaɓi wata mata mai kwandon kaji a cinya. Ta buɗe ƙunshinta, ta zaro zanen da ya fi laushi, wanda ya sha wanki har ya koɗe.

"Baiwar Allah, don girman Allah, in kin isa ki tambayi gidan Sha'ibu mai gyaran babur. Matarsa ta haihu. Ki ce uwarta ta ce a goya yarinyar da wannan."

Matar ta karɓa da hannu biyu, ta ce har ɗaki za ta kai. Wani saurayi ya zo da gudu ya cike gurbin da ya rage, motar ta tashi.

Mas'udu ya riƙo gwiwar hannun uwarsa, suka nufi layin motocin Sheme da Ƙanƙara, yana roƙon direba ya ba ta gidan gaba.