Kanwar Tafkin Zarmari

Ku gafarce ni tun kafin a fara. Ban taɓa rubuta labari ba sai wannan, kuma sau da yawa na rufe shi na ce ba da ni ba. Inda kuka ga ya karkace, hannuna ne, ba laifin mutanen da ke cikinsa ba.

Sahadatou tana tsaye a shagon Alhaji Illiassou a unguwar Château Rouge ta Paris, tsakanin buhunan gero da kwalayen busasshen kifi, tana jira ya gama waya. Saƙo ɗaya ya kawo ta, kanwa. Taubashiyarta Latifa ta haihu a Lyon, gobe suna, kuma Gwaggo Batula, uwar maijegon, wadda ta taso tun daga gida don jegon, ta rantse ba za ta dama wa ɗiyarta kunu da farin garin bikarbonat, kanwar Bature ta manyan kantuna, ba. Kanwar da ta zo da ita kuwa maƙwabta sun roƙe ta kaf. Da ta ji Sahadatou za ta Paris duba wasu tsofaffin taswirori a ɗakin karatu, sai ta ce ai shi ke nan, ta biya wurin Alhaji.

Alhaji ya ajiye wayar suka gaisa. Ya tambayi karatu, ya tambayi sanyin Lyon, ya tambayi maijego da jinjiri, har da mijin Latifa da bai taɓa gani ba. Da ta faɗi abin da take so, ya nuna mata wani kwando a bakin ƙofa. Ta gutsuri kaɗan ta ɗora a harshe yadda ta ga mata suna yi tun tana ƙarama, sannan ta ce, cikin jin nauyi, wannan kam Gwaggo ta taga za ta jefo ta.

"Ashe kin san kaya," in ji Alhaji. "Ke ɗiyar ina ce ma?"

"Zarmari, Alhaji."

Ya ɗan dube ta, ya shige bayan labule. Ya daɗe tana jin yana ture kwalaye, sannan ya fito da wani ƙunshi na saƙar kaba, bai fi girman tafin hannu biyu ba, ya ajiye a gabanta kamar mai ajiye ƙwai.

Zarmari ƙauye ne a gabas da Damagaram, a bakin wani tafki mai gishiri. Kakannin su Sahadatou kanwa suka haƙa a wurin, iyayensu ma haka. Tafkin ya yi ta janyewa shekara da shekaru, yashi yana cin bakinsa, ramukan mahaƙa suna bin ruwan zuwa tsakiya, har ya zama yaro yana iya ƙetare shi bai jiƙa gwiwa ba. Shekaran bara hukumar yankin ta kafa doka: ba haƙa, ba ɗiba, sai tafki ya dawo. Wanda aka kama a ƙwace jakinsa da kayan aikinsa, a kuma rufe shi. Binciken da aka dogara da shi wajen kafa dokar na Madam Sofia ne, masaniyar ruwa a Lyon, kuma a ƙarƙashinta Sahadatou take koyon aiki. Sahadatou ce ke buga wa mutanen ƙauye waya, ta tambaye su, ta mayar da maganarsu Faransanci. Rahoton da za a aika wa hukuma ƙarshen wata yana cewa haƙa ta tsaya cak a Zarmari. Cikin waɗanda suka shaida haka har da yayanta Munzali.

Ta juya ƙunshin. Kabar ba ta gama bushewa ba, da sauran kore a gefenta, da ƙamshin ɗanye. Ɗaurin bakin kuma ya karkata hagu, an tura jelarsa ciki an sake fito da ita ta ƙasa. Kowane gida a Zarmari da irin ɗaurinsa, don kada kaya su cakuɗe a kasuwa, amma wannan karkatar ta mutum ɗaya ce. Munzali bahago ne.

Alhaji ya ce tsohon kaya ne, tun kafin doka. Ta ce, idonta a ƙasa, ai kabar ɗanya ce.

"Sanyin Faransa ne, ɗiyata. Nan ko tsumma ka shanya sai ya yi mako."

Ba ta musa ba. Ta karɓa ta sa a jaka tsakanin littattafanta, ta gangara tashar metiro, jirgin ƙarƙashin ƙasa.

A jirgin ƙasa na zuwa Lyon ta samu kujera ta bakin taga. Abin mamaki, ba tsoro ne ya fara zuwa mata ba, son sani ne. Ta fito da ƙunshin tana kallo. Ta yaya ya iso nan? A bayan jaki zuwa bakin titi, wataƙila, sannan ƙarƙashin buhun barkono a motar Damagaram, sannan akwatin wata Hajiya, naɗe cikin atamfa. Ta ɗan buɗe gefe. Kanwar ja ce, mai kauri, tana da ido-ido kamar saƙar zuma. Rabonta da ganin irin wannan tun mahaifinsu yana da rai. Wadda ake samu a shekarun baya-bayan nan fara ce, siririya, rabinta ƙasa. To me ya canja a cikin ruwan? Ta rasa wanda za ta tambaya sai mutum ɗaya.

Ta fita tsakanin taragai inda ake yin waya, ta kira Munzali. Suka gaisa a gajarce, ya tambayi maijego, ta tambayi matarsa da yara.

"Yaya, ina riƙe da ɗaurinka, tsakanin Paris da Lyon."

Ta jiyo kukan wata akuya daga can nesa. Sannan ya yi dariya, ba mai daɗi sosai ba.

"To, ya riga ni ganin Faransa ke nan."

Bai yi mata ƙarya ba. Ya ce aikin dashen shingen da ke tare yashi, wanda aka ba su a madadin haƙa, mutum ɗaya ake ɗauka a kowane gida, su kuwa ta san yawan bakunan da ke gidansu. Matan da ke saƙa kaba da masu jakuna ba wanda ya tuna da su a cikin dokar. Ya yi haƙuri damina ɗaya. Sai ruwa ya dawo, ya rufe tsofaffin ramuka, tsuntsayen da aka manta da sunansu suka sauka, da rani ya yi kuma kanwa ta kwanta a gefen arewa irin wadda babansu yake ba da labari. Mutum ya wuce ta kullum da yunwa a gida, ya ce bai gani ba? Kaɗan yake ɓamɓarowa, daga sama kawai, ba ya rami.

Ta manta da fushin da ta yi niyya. Ta tambaye shi ina ruwan ya kai, ya ce ya wuce tsohuwar rijiyar raƙuma. Ta tambayi launinsa da safe, ta tambayi ko gefen kudu ma ya yi. Ya amsa duka da zumuɗi, kamar mai ba da labarin ɗansa da ya fara tafiya.

"Ki ce wa Madam ɗinki dokarta ta yi aiki," in ji shi. "Wannan kam ba ƙarya. Sauran fa, Saha? Za ki faɗa mata?"

Ta ce ba ta sani ba. Ita ta san Madam Sofia: mace ce mai kirki, amma abin da ya shiga kunnenta sai ya shiga rahoto, ko da a kanta zai faɗo. In ya shiga, ma'aikatan gandun daji ba za su sha wuyar gano bahagon Zarmari ba. Jirgi ya shiga hanyar ƙarƙashin ƙasa, wayar ta yanke.

Washegari gidan Latifa a Vaulx-en-Velin, a gefen Lyon, ya cika tun hantsi. Takalma sun taru a bakin ƙofa har kan matakala. Gwaggo Batula ta lasa kanwar, ta lumshe ido, ta sa wa Sahadatou albarka har sai da ta ji kunya. Ɗaurin ɗan ɗan'uwanta kuwa kallo ɗaya ta yi masa ta gane. Latifa, tana zaune a gado da jinjirar da aka raɗa wa Mutmainna, ta ce a duba mata wannan baiwa tata, an aike ta sayen kanwa ta dawo da fuskar mai takaba, ko wani ɗan Paris ne ya ƙi ta? Sahadatou ta ce ita da ta kumbura kamar tulu ai ba ta da bakin magana. Aka yi dariya, aka ɗora mata tiren shinkafa ta kai wa maza a gidan maƙwabci.

Ta manta sarai cewa ita da bakinta ta gayyaci Madam Sofia tun makon jiya. Matar ta sha faɗin cewa ta san tafkin Zarmari ta hoton tauraron ɗan'adam da kwalaben ruwa, amma mutanensa ba ta san kowa ba sai ɗalibarta.

Da ta dawo da tiren, tun daga ƙofa ta ga farar rigar sanyin Madam a rataye. Falo ya kaure da guɗa da kiɗan waya. Ta bi ta lungun da ke zuwa madafa, ta tsaya inda firiji ya kare ta.

Gwaggo ta riga ta kama baƙuwa. An gaya mata malamar Sahadatou ce, ba ta nemi ƙarin bayani ba, ta zaunar da ita a kujerar roba ta miƙa mata kofin kunun kanwa yana tururi. Ba kowa a madafar sai su biyu da wata tsohuwa mai yankan albasa. Madam Sofia ta kurɓa, ta ɗaga gira, ta sake kurɓa. Sai idonta ya faɗa kan jan dunƙulen da ke kan tebur. Ta ɗauka, ta juya shi a hasken taga, ta kai hanci, ta yi tambaya da Faransanci.

Gwaggo ba ta jin Faransanci, amma ta gane yabo in ta gan shi. Ta gyara ɗaurin zane.

"Ta garinmu ce, Madam. Zarmari. Sabuwa fil, ta bana. Yayan ita ɗalibar taki ne ya ɗebo ta da hannunsa, Munzali. Duk yankin ba mai idonsa a kan kanwa."

"Zarmari?" in ji Madam Sofia. Kalmar da ta kama ke nan, fuskarta ta haskaka. Ta ɗaga yatsa alamar a dakata, ta waiga tana tambayar ina Sahadatou.

Gwaggo ta ɗauko wuƙa ta fasa dunƙulen, ta zaɓi ɓari mai kyau ta naɗe a takarda ta danƙa wa baƙuwa a hannu, tana maimaita maganarta a hankali, da ƙarfi, yadda ake yi wa kurma.

Sahadatou ta dubi tiren da ke hannunta. Tun da ta fara wannan aiki ba ta taɓa sauya kalma ɗaya daga maganar wani ba, kuma Madam ta san haka, shi ya sa take nemanta. In ta shiga, ko dai ta fara yau, ko ta miƙa yayanta da bakinta. Gidan cike yake da masu jin Faransanci, ta sani, wataƙila a samu wani, wataƙila kuma hayaniyar suna ta cinye maganar.

Ta jingine tiren a bango a hankali don kada ya yi ƙara. A bakin ƙofa ta tono takalmanta daga ƙarƙashin na mutane, ta riƙe su a hannu. Ba ta kira lif mai hawa da sauka da mutane ba, don yana ƙararrawa in ya iso. Ta bi matakala da safa, sai da ta sauka hawa biyu sannan ta zauna ta saka su.