Takardar Jikin Leda

Mai Ganye ba ta san shakka ba. Shekara biyu tana shuka ganyen zaƙi a tsofaffin tayoyi a bayan gida, ta shanya, ta daka, ta ƙulla a leda. Abin da yatsa biyu suka ɗauka ya ishi kofin shayi. Yanzu wani babban kanti ya ce zai karɓi kayanta, in dai ta kawo lambar hukumar abinci. Ga autarta tana aiki a ɗakin gwajin hukumar, to ina abin damuwa?

Ran Asabar Auta ta zo gida, ta ɗauki leda ɗaya, ta karanta takardar da ke manne a jiki: "Yana maganin ciwon suga."

"Umma, wa ya gwada wannan?"

"Babanki mana. Wata takwas rabonsa da sukari, dube shi garau."

"Zaƙi daban, magani daban, Umma. Farin garin da ake tacewa daga ganyen an gwada shi, an yarda a sha daidai gwargwado. Naki ɗanye ne, sai an kai samfur. Wannan layin kuwa, ko ni ce shugabar hukumar ba zai wuce ba."

"Sannu, hukuma. Ni na yaye ki, yau ke ce mai gyara min rubutu."

Ran Mai Ganye ya ɓaci ƙwarai, don layin nan shi ke sayar da kayan. Ta shiga ɗakin maigidan don ta ɗauko katin asibitinsa, ta rufe wa yarinya baki da hujja. Katin yana cikin durowa. A ƙarƙashinsa kwali uku na ƙwayoyinsa na ciwon suga, ko ɓare su ba a yi ba.

Malam ya leƙo daga bakin ƙofa, ya ga abin da ke hannunta.

"Ai ke kika rubuta yana magani," ya ce. "Ni kuma ban taɓa kama ki da ƙarya ba."

Ta ji tsoro, ta ji kunya, amma ba mai zaman tagumi ba ce.

"Malam, sa takalminka, asibiti za mu. Auta, ɗauki leda uku ki kai wajen gwajinku. Sauran ki ɓamɓare takardun tas."

"Kantin fa, Umma?"

"Kanti ya jira. Gida goma sha ɗaya na sayar wa, kuma duk na san ƙofarsu. Daga asibiti can na nufa."