Guraben Yatsun Yaya

Ƙarafan wuyan jitar kawai Yaya ya ce a sauya, don sun cinye. Da bakinsa ya faɗa, ya kuma nanata, yana laluben teburin shagon ƙanensa da sandarsa. Tun da ciwon suga ya tafi da idanunsa, kiɗan nan kaɗai ya rage masa. Shi ke fitar da shi daga ɗaki.

To amma ƙanensa Auta, maƙerin jita, hannunsa ba ya jin magana. Yana cire tsofaffin ƙarafan ya ga allon wuyan duk kwarmi-kwarmi, inda yatsun Yaya suka ci katako shekara da shekaru. Haba! A shagonsa wannan abu zai fita haka? Ya jawo sanfefa. Wajen kan jitar ya bar wa allon doro sosai don yatsu su kwanta, yana gangarowa wajen cikinta yana rage doron kaɗan-kaɗan har ya kusa shimfiɗewa, yadda tsirkiya ba za ta shaƙe ba in an ja ta. Aiki kam ya yi kyau. Har hoto ya ɗauka, don rawar kai.

Sai da yake share garin katakon ne gabansa ya faɗi. Ya rufe ido, ya bi allon da yatsa daga sama har ƙasa. Sumul, ko alama babu. Ashe da guraben nan Yaya ke gane hanya! Auta ya ɗauki kurfi zai sake sassaƙa su, ya ajiye. Ina zai san inda yatsan wani ke sauka? Kunya ta hana shi cin abincin rana.

Da yamma Yaya ya zo. Ya rungume jitar, hannunsa ya tafi inda ya saba, ya zame. Ya koma, ya sake zamewa. Sautin da ya fito, ko ɗan koyo ba zai yarda nasa ba ne.

"Yaya, ni ne na..."

"Ya yi santsi," in ji Yaya. "Sannu da aiki."

Wallahi da zaginsa ya yi, da ya fi wa Auta sauƙi. Yaya ya miƙo hannun hagunsa, yatsu a buɗe.

"Zo, Auta. Ɗora min yatsa a inda zan fara."