Kaguwa Mai Usur

A makon da ma'aikatan kamfanin sabulu suka fara raɗe-raɗin yajin aiki, manaja ya kira Oga, mai kula da leburori, ya ce yana son sunayen masu zuga mutane kafin Litinin. Tun daga ranar Oga ya daina yarda da kowa. Ko gaisuwa aka yi masa sai ya juya ta ya duba bayanta.

Ranar Asabar da la'asar ya shigo falo ya tarar da 'ya'yansa mata biyu sun baje a ƙasa suna kallon katun. Cikin teku ne. Wasu ƙananan kifaye suna jidar duwatsu, wani ƙaton kaguwa da usur a wuya yana tsaye a kansu yana daka tsawa.

Auta ta nuna talabijin. "Baba, ga ka nan!"

Yayarta ta toshe mata baki, amma magana ta riga ta fita.

"Wa ya kawo muku wannan?"

"Kawu ne."

Kawu kuwa ƙanin matarsa ne, kuma shi ne sakataren ƙungiyar ma'aikata a kamfanin. Oga ya tsayar da katun ɗin. Ya kora yaran waje, ya ɗauko biro da takarda, ya mayar da fim ɗin farko.

Sau biyu ya kalle shi. Ya rubuta cewa kifayen ba sa hutun rana. Ya rubuta cewa akwai wani babban kifi a can kogon sama da ba a taɓa ganin fuskarsa ba, sai dai saƙonsa, kamar dai manaja. Wata 'yar kifi ta yi doguwar tafiya neman ruwa mai tsabta, ta dawo tana gaya wa sauran ba dole ba ne su zauna a haka. Nan ya ja layi biyu.

Matarsa ta leƙo da tsintsiya a hannu. "Baban yara, jarrabawa za a yi maka a kai?"

"Ƙaninki ya turo mini saƙo ta bakin 'ya'yana."

"Saƙo? Kifi ne fa ke waƙa."

"Kin saurari abin da waƙar ke cewa?"

Ta yi dariya har da riƙe ƙugu, shi kuma ya fara tunanin ko da saninta aka yi.

Washegari Kawu ya zo gaishe su. Oga bai bari ya gama zama ba ya ajiye masa takardar a gwiwa. Kawu ya karanta, ya ɗago.

"Wallahi Yaya ban taɓa kallonsa ba. Mai shagon waya na ce wa ya zuba mini fina-finan yara, ya zuba guda goma."

"Cikin goman sai mai usur ya faɗo gidana?"

"To ni na zana shi?"

Oga ya ƙura masa ido. Fuskar ba ta nuna komai ba, wannan ma ya ƙara damunsa.

Bayan tafiyarsa ya kira Auta, ya ɗora ta a cinya. "Faɗa mini gaskiya. Wa ya ce miki kaguwan nan ni ne?"

"Ba kowa. Girarsa irin taka ce. Kuma da guguwa ta zo, shi ya tsaya a ƙofa sai da kowa ya shige."

Oga ya duba takardarsa. Wannan wurin sau biyu ya wuce ta gabansa, bai rubuta ba. Ya so ya tambaye ta ko an koya mata amsar ne, sai ya ga ta koma wasa da maɓallin rigarsa.

Ranar Litinin ya shiga ofishin manaja hannu wayam, ya ce bai samu hujja a kan kowa ba tukuna.

Manaja ya cire tabarau ya daɗe yana gogewa.

"Wai sakataren nan nasu," in ji shi, "ba surukinka ba ne?"

"Shi ne, ranka ya daɗe."

"Na gani. Ja mini ƙofar."

Da rana aka aiko wani ya karɓi makullin sito daga hannunsa, ba tare da an faɗa masa dalili ba.