Ja a Ƙarƙashin Motar Nurain

Tun daga nesa Armaya'u ya hango ta a gefen titin Safana, ƙofar direba a buɗe, sai ya ƙara wa babur wuta. Motar ƙanensa Nurain ce. Duk Batsari wa ke da irinta? 'Yar Kwatano mai ƙofa biyu, cikinta kamar ya taɓa ƙasa, an ƙera ta don tsere a titin Turawa, shi kuwa gogan ya ce sai ta san hanyar Babban Duhu.

Hashimu ɗan acaba ne ya kawo labarin gareji, inda Armaya'u ke gyaran motoci: mota a yashe, jini male-male a ƙarƙashinta, babu mai ita. A wannan yanki ba a tambayar aikin su wa ne. Kafin Armaya'u ya tayar da babur har mata sun fara shiga gidansu yi wa Inna jaje, wayar Nurain kuma ba ta shiga.

Ya durƙusa gaban jan abin da ya malale, yana salati, ya miƙa yatsa.

"Oga, kada ka taɓa," in ji Hashimu da ya biyo shi. "Mu juya, la'asar ta wuce."

Ya taɓa. Abin na da santsi, bai daskare ba, ko ƙuda ɗaya babu a kai. Ya kai hanci, ya ji ƙauri.

"Man giya ne," ya ce. "Wallahi mai ne, Hashimu."

Ya kwanta rigingine ya kutsa ƙarƙashi. Ga ɓarnar nan: dutse ya yage tiyon da ke kai man giya wajen lagireto, mai ya tsiyaye, mota ta daina ja. Amma murnar ba ta daɗe ba. Motar da ta mutu a wannan hanya ai kiran mutanen daji ce. Idan sun tarar da yaron a tsaye fa?

Ya fito yana duba kwalta. Sawun takalmi ne ja-ja, na mutum ɗaya, ya nufi Safana, taku daidai, ba na gudu ba. A yashin gefe babu sawun babura. Ya riƙe wannan a ransa, don ba shi da wani abin riƙewa.

Ya kwance jakar kayan aiki, ya koma ƙarƙashi, ya yanke inda ya yage da wuƙa, ya cusa tiyon a bakinsa, ya ɗaure da waya, ya murɗe da filaya. Mai na gangara masa har gwiwar hannu.

"Oga, motoci sun daina wucewa."

"Ka tafi in kana so."

Sai ga ƙarar babur daga gaba. Hashimu ya faɗa bayan mota ya lafe. Armaya'u ya kasa kunne daga ƙarƙashi. Babur guda ɗaya ne, ba ayari ba. Ya leƙo, ya ga Nurain a bayan wani ɗan acaba, fes cikin farar shadda, rungume da galan ɗin jan mai.

"Yaya? Wa ya faɗa maka? Safana na je neman mai, waya ba caji."

Armaya'u ya shaƙo wuyan rigarsa da niyyar mari, sai kawai ya ƙanƙame shi yana kuka, ƙato da shi.

Suka zuba mai, Armaya'u ya tayar da mota, ya sa giya, ya sake leƙawa. Ko ɗigo babu. Da ya ɗago ne ya ga abin da hannayensa suka yi wa farar shaddar: ja a ƙirji, ja a wuya, ja a gadon baya, tamkar jini.

"Cire rigar nan."

"Don me, Yaya?"

"Inna na ƙofar gida tana jira."